Yadda za ka hau Dutsen Kufena ka sauko da ƙafarka

Karon farko da na hau Dutsen Kufena da ke Zariya, da silifas na hau. Mu huɗu ne, wata Asabar a cikin Afrilu. Sai da muka karya kumallo a Tudun Wada, muka taɓa hira, sannan muka nemi abin hawa, ba mu isa gindin dutsen ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ruwan da muka riƙe gaba ɗayanmu leda 6 ce ta fiya wata. Hawan bai ba mu wuya ba, ƙuruciya na nan. A wajen saukowa ne ɗayanmu ya hango wani falalen dutse da ya ga kamar zai rage masa hanya, ya biyo shi, ya zo tsakiya ya tarar gangaren sai ƙara miƙewa yake yi. Ya zauna daɓas, ba gaba ba baya, ga dutsen ya ɗau zafi har tafin hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Wani yaro mai kiwon awaki ne ya zagayo ta gefe, ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ce, "Malam, juyo ka fuskanci dutsen. Ga tsaga nan ta hagunka, sa ƙafa a ciki, bi ta a hankali." Da haka ya fita. Silifas ɗinsa guda yana can har yau.

Tun ranar na daina lissafa kan dutse a matsayin ƙarshen tafiya. Rabinta ne, kuma rabin da ya fi sauƙi. Duk shirin da zan kawo a nan daga saukowa na faro shi: ƙarfe nawa za ka juyo, ruwa nawa zai rage maka a lokacin, wace hanya za ka biyo, gwiwarka za ta ɗauka ko ba za ta ɗauka ba. Da Kufena zan riƙa misali don shi na fi sani, amma abin da ya shafe shi ya shafi galibin duwatsun ƙasar Hausa da na Filato.

Mataki na farko: zaɓi dutsen da ya yi daidai da kai, ka tambayi lafiyar hanyarsa

Ba kowane dutse ake hawa da ƙafa kawai ba. Dutsen Wase a jihar Filato da Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100, a tsaye suke kamar bango ta yawancin ɓangarorinsu, ba wurin koyo ba ne. Dala kuwa yana tsakiyar Kano, da matakalarsa, ya fi dacewa da motsa jini. Kufena yana tsakani. Yana bayan Wusasa, a yammacin birnin Zariya, gonaki da ƙauyuka kewaye da shi, kuma mai matsakaicin ƙarfi zai hau ya sauko kafin azahar. Wanda ya saba da irinsa yana son ƙari, sai ya nufi duwatsun Shere, kimanin kilomita 10 gabas da Jos. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 daga doron teku, alhali Jos ɗin kanta tana wajen mita 1,200. A can ne ma cibiyar horarwar nan da aka fi sani da Man O' War take da sansani.

Kafin komai, sai maganar tsaro. Ba na son tsoratar da kowa, amma duk wanda ke zaune a Kaduna ko Katsina ko Zamfara ko Neja ya san dutse da sunƙurun da ke bayansa ba namun daji kaɗai ke fakewa a ciki ba a shekarun nan. Wurin da aka je lafiya bara yana iya zama ba ya shiguwa bana, kuma labarin ba a Facebook yake ba. Yana bakin 'yan acaɓar da ke shiga ƙauyen kullum, da manoman da gonarsu ke gindin dutsen, da 'yan sintirin unguwar. Tambaye su ana saura kwana biyu ko uku, ka sake tambaya da safen da za ka tafi. In ka ji amsa mai kwana-kwana, irin "to, ana dai zuwa, amma…", wannan amma ɗin ta ishe ka. Ɗage tafiyar. Kada kuma ka yi shelar rana da lokacin zuwanka a intanet. Hotunan sa jira ka dawo gida.

Kai kaɗai kada ka je. Mutum uku shi ne mafi ƙaranci a wurina, don in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya sauka neman taimako. In kun wuce goma kuma tafiyar ta zama kiwo.

Mataki na biyu: wata da sa'a

Mafi daɗin lokaci shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu. Ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, safiya da sanyi. A Nuwamba ƙasa ba ta gama bushewa ba, za ka hango dawa a tsaye da dammunan gero a gonaki, sama kuma a washe. In aka shiga tsakiyar hunturu hazo yana iya rufe komai, ka sha wahalar hawa ka tarar ko Wusasa da ƙyar kake hangowa. Mai asma ya kiyayi irin ranakun nan. A rani kuma akwai masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya da zomo, ita kuwa wuta ta fi gudu in tana hawa tudu. Ka ga hayaƙi a ƙasan hanyarka, kada ka ci gaba da hawa ta saitinsa.

Maris da Afrilu, bazara ke nan, zafi yana kusantar digiri 40 a inuwa, falalen dutse kuwa ya fi haka nesa. Wanda ya nace sai ya hau a lokacin, to ya tabbata ƙarfe 10 ta yi masa a ƙasa. Damina tana da kyan gani, kore shar ko'ina, sai dai ita ce ta fi haɗari: dutse santsi, ciyawa ta rufe ramuka, ga tsawa. A watan Agusta ni ba na hawa. Da azumi a baki ma ba na hawa, kuma ba na ba kowa shawara.

Sa'a kuwa guda ce: sallame asuba, ka kama hanya. Gari na wayewa kana gindin dutse.

Mataki na uku: lissafa tafiyar, ka yanke lokacin juyowa tun a gida

Akwai wani tsohon lissafi da wani ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar a 1892, har yau masu yawon duwatsu suna aiki da shi. Kowane kilomita 5 ka ba shi awa 1, sannan kowane mita 600 na hawa ka ƙara masa awa 1. A ce zuwa da dawowa kilomita 8 ne, hawan kuma mita 450. Kilomita 8 zai ci awa 1 da minti 36, hawan ya ci minti 45, jimla wajen awa 2 da minti 20. Amma mutumin a ƙasar sanyi ya yi lissafinsa, kuma bai sa hutu a ciki ba, bai sa ɗaukar hoto ba, bai sa abokinku mai tumbi ba. Ni nakan ƙara rabin abin da ya fito, ya zama awa 3 da rabi.

Daga nan sai ka yanke lokacin juyowa, ka faɗa wa kowa tun kafin a tashi: ƙarfe kaza, ko mun kai ko ba mu kai ba, za mu juyo. A gida ake yanke wannan, domin a jikin dutse zuciya ba ta da gaskiya. Kullum ce maka take saura kaɗan. Za ka hango wani tozo ka ɗauka shi ne ƙarshe, ka isa ka tarar da wani a bayansa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

In tafiyar ta yini ce sosai kamar ta Shere, ka tuna a ƙasarmu duhu ba ya jan ƙafa. Rana na faɗuwa, da minti 20 zuwa 25 sai ka nemi tocila. Miƙa hannunka gaba, ka jera yatsu huɗu a kwance tsakanin rana da inda za ta faɗi: kowane yatsa kimanin minti 15 ne.

Bar saƙo a gida wurin mutum guda mai hankali: sunan dutsen, ƙauyen da za ku shiga ta cikinsa, su wa da wa, lambobinsu, da lokacin da in bai ji ku ba zai fara nema.

Mataki na huɗu: jiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu ko uku kafin ranar, riƙa tafiyar minti 40 da sauri, ka hau bene ka sauka sau da yawa da jaka a baya. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya ya ji ta bakin likitansa. Mai sikila ya fi kowa buƙatar wannan, don gajiya da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon. Yanke farcen ƙafa ana gobe tafiya. Wanda bai yanke ba, zai gane dalili a gangare.

Mataki na biyar: abin da za ka sa da abin da za ka ɗauka

Takalmi shi ne kan gaba, kuma a nan mutane suka fi yin wasa. Ba sai ka sayi but mai tsada ba. Kambas mai ƙasan roba mai laushi da zane-zane ya wadatar, irin wanda in ka danna ƙasansa da babban yatsa za ka ji ya ɗan lotsa. Ƙasan roba mai tauri mai sheƙi, da takalmin fata na zuwa ofis, da takalmin ƙwallo mai ƙusoshi, duk zamewa suke a falale. Kada ya zama sabo fil, sai wanda ƙafarka ta saba da shi, kuma a bar ɗan sarari gaban yatsu. Sa safa mai kauri. Za ka ga yaran ƙauyen suna tsalle a dutsen da takalmin roba ko ƙafa ba komai, kada ka ce za ka kwaikwaye su. A kansa aka haife su.

Dogon wando mara nauyi saboda ƙaya da ƙarangiya da ƙaiƙayi. Riga mai dogon hannu mai haske. Malafa ta fi hana-salla don tana rufe ƙeya da kunnuwa, amma a sa mata igiya, iskar kan dutse ba ta da kunya. Babbar riga da jallabiya a bar su a gida. Mata kuma, shawarata wando a ciki, doguwar riga da ba ta kai idon sawu ba, da hijabin da ya tsaya a ƙugu. Dalilin ɗaya ne: dole ki riƙa ganin inda kike sa ƙafa, hannayenki biyu kuma a sake. Zane yana ɗaure taku, dogon hijabi yana kama iska yana maƙalewa a ƙaya. Turare kuma, maza da mata, a haƙura da shi ranar nan, yana janyo ƙudan zuma.

Sai ruwa. Lissafinsa rabin lita a kowace awa in da sanyi, kusan lita guda in rana ta yi. Ledar fiya wata rabin lita ce, saboda haka tafiyar awa 4 tana son leda 5 zuwa 6 ga kowane mutum, ban da na alwala. Gorar roba ta fi leda, don leda tana fashewa a jaka, kuma in ka huda ta dole ka shanye. Ƙa'idata ita ce in isa kan dutse da fiye da rabin ruwana. In rabi ya ƙare ban kai ba, lokacin juyowa ya yi, ko agogo bai ce ba. Gora guda ka haɗa mata ruwan gishiri da sukari: lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ko ka sayi na sacet a kemis. Ruwan da ke kwance a kwarmin dutse na awaki ne da birai, kada ka sha.

Guzuri mara nauyi: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba, lemon zaƙi, burodi. Kilishi da daɗi amma yana sa ƙishirwa. Fura da nono ka bari sai an sauko, in ba haka ba barci za ka nema a inuwar farko.

Ragowar kayan: jakar goyo mai hannu biyu, sanda mai ƙwari da ta kai ƙirjinka, tocila ko da kana ganin ba za ka kai dare ba, waya a cike da fawa bank, usur, bandeji mai naɗewa, filasta, aidin, farasitamol, ledar zuba shara, da 'yan canji. Mai zuwa Shere ya ƙara da rigar sanyi. Kowane mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6, ga iska a kan jiƙaƙƙiyar riga.

Mataki na shida: gindin dutse

Dutse yana da masu shi. Kada ku sauka daga mota ku miƙe sama kamar gonar gado. Ku yi sallama, ku nemi mai unguwa ko dattijon da ke kusa, ku faɗi abin da ya kawo ku. "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga cikin gari, muna son mu hau dutse mu sauko kafin azahar. Ko akwai yaron da zai raka mu?" Sau da yawa amsar takan zo da abin da ba ku tambaya ba. Wani dattijo ya taɓa ce mana, "Ku hau, 'ya'yana, amma kada ku bi ta wajen kogon can, zuma ta sauka tun shekaranjiya." Babu taswirar waya da za ta gaya maka wannan.

Da ɗan gari akan ci gari. Mafarauci ko makiyayi ko matashin da ya tashi a wurin, shi ne jagoranku. Ku yi ciniki tun a ƙasa, a san kuɗin zuwa da dawowa ne, ku kuma ɗauki ruwansa da guzurinsa a lissafinku. Tambaye shi abu huɗu: ta ina ake hawa, ta ina ake saukowa, ina ne ba a zuwa, kuma ana fasa dutse da nakiya a kusa ko ba a yi. In hanya ta ratsa gona, bi ta kwarin kunya, kada ka taka shuka, kada ka karya rake ko ka tsinki mangwaron da ba a ba ka ba.

Kafin ku fara, juya ka dubi inda kuka tsaya. Zaɓi alama babba da za a hango daga sama, kuka ko rimi ko hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis, ka ɗauki hotonta.

Mataki na bakwai: hawa

Minti 15 na farko ka tafi kamar mai rakiyar tsohuwa. Masu tashi da gudu su ne za ka tarar a gaba sun dafa gwiwa suna haki. Ma'auninka magana: in ba ka iya faɗin jimla guda ba tare da numfashinka ya yanke ba, ka yi sauri da yawa. Mafi rauni a cikinku shi zai bi bayan jagora, mai ƙarfi guda ya tsaya a ƙarshe, kuma kada wanda ya ɓace wa na bayansa.

Taku gajere. A falale ka ɗora tafin ƙafarka gaba ɗaya, ba kan yatsu kawai ba, nauyinka a kan ƙafafun. Tsoro yakan sa mutum ya kwanta a jikin dutse, alhali kwanciyar ce ke sa takalmi ya saki. In gangaren ya miƙe, kada ka tunkare shi kai tsaye, yi ta karkata dama da hagu kamar yadda jaki ke yi da kaya. Inda sai an sa hannu, riƙe ƙa'idar uku: a cikin hannu biyu da ƙafa biyu, guda ɗaya kawai ke motsi, ukun suna riƙe. Jijjiga dutse kafin ka ɗora masa nauyi. Kada ka amince da ciyawa ko ƙaramin reshe, saiwarsu a 'yar ƙasa kaɗan take. Kuma kada ka taɓa zura hannu a tsaga ko ka dafa saman da idonka bai gani ba, nan ne mazaunin kunama da maciji.

Kula da launin dutsen. Baƙin zane da ya gangaro daga sama hanyar ruwa ce, gansakuka ce ta bushe a kai. Ko raɓa ta taɓa ta sai ta koma kamar an zuba kuɓewa. Tsakuwa da yashi a kan falale su ma haka. In ƙafarka ta ture dutse ya gangara, ɗaga murya ka ce "Dutse!" don na ƙasa su kauce.

Ga abin da na fi so ka riƙe a wannan matakin: duk bayan 'yan mintuna, waiwaya. Hanya tana da fuska biyu, wadda ka gani kana hawa ba ita za ka gani kana saukowa ba. A duk mararraba ka tsaya ka dubi ƙasa, ka ɗauki hoto, ko ka ɗora 'yan duwatsu uku a kan juna. Sannan kafin ka haye kowane wuri mai wuya, tambayi kanka ko za ka iya saukowa ta nan. In amsar babu ce, kada ka hau.

Hutu minti 5 a kowane rabin awa, a inuwa, a kurɓi ruwa ko ba a jin ƙishi. Wurin da takalmi ya fara yi maka zafi, tsaya ka manna filasta tun bai zama bororo ba.

Mataki na takwas: a kai

Zauna nesa da baki, ka ci guzuri, ka sha iska. In sama ta washe za ka ga birnin Zariya shimfiɗe ta gabas, ga Wusasa a kusa, inda 'yan mishan suka gina cocinsu na ƙasa a 1929, ga gonaki har iyakar ganinka, shirwa tana shawagi a ƙasanka maimakon samanka. In kun yi shiru kuna iya ganin agwada ta fito shan hantsi. Wurin tsohon mazauni ne: tarihin Zazzau yana ambaton Turunku da Kufena kafin a kafu a birnin yanzu, kuma akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayen dutsen. Tsingaron tukwane da za ka iya gani a irin waɗannan wurare ka bar shi inda yake. Masu rubuta sunansu da fenti a jikin dutse kuwa, ban san wanda ya ce musu muna son sanin sun zo ba. Ka tarar da masu addu'a ko wani wurin da jagora ya ce ba a shiga, ka ba su wuri.

Salfi a bakin gangare, da ja da baya don hoto ya yi kyau, da jifa daga sama, duk a bari. Akwai masu kiwo da masu itace a ƙasa. Minti 30 zuwa 40 sun isa. Tattara ledojinku ku juyo tun da sauran ƙarfi.

Mataki na tara: saukowa

Irin waɗannan duwatsu siffar ƙwarya a kife gare su. Samansu shimfiɗe, gefensu yana ƙara miƙewa yayin da kake yin ƙasa, saboda dutsen ɓarewa yake falle-falle kamar albasa. Ma'anar wannan ita ce daga sama ba ka ganin ƙarshen gangaren da ka dosa. Yana fara maka da sauƙi, ya yi ta janka, sai ka kai inda komawa ta fi ƙarfinka. Tarkon da abokina ya faɗa ke nan. Don haka ta inda ka hau ta nan za ka sauko, sai fa in jagora ne ya ce ga wata. Duk gajeriyar hanyar da idonka ya nuna maka daga sama, ƙi ta.

Kafin ka fara, ƙara ɗaure igiyar takalmi don kada yatsu su riƙa dukan gaba. Sassauta gwiwa, kada ka sanƙarar da ita. Taku ya fi na hawa gajarta, sanda tana gaba, ƙafa tana binta. Kada ka jingina baya sosai, dunduniya ce za ta zame ka zauna da ƙarfi. A wuri mai tsakuwa sauko a karkace, gefen ƙafa yana cizon ƙasa. Inda ya miƙe, juyo ka fuskanci dutsen ka sauko kamar daga tsani, wani a ƙasa yana gaya maka inda za ka sa ƙafa. In ta kama ka zauna ka ja gindi, ja abinka, wando ne kawai zai yi kuka. Ku bar tazara tsakaninku, kuma a wuri mai wuya ɗaya bayan ɗaya. Kada a riƙe hannun juna a falale, in ɗaya ya tafi da ɗayan zai tafi.

Gudu haramun ne a nan, ko da ka ga ƙasa kusa. Cinyoyinka ne birki, kuma sun riga sun gaji. In ka ji suna rawa, zauna minti 5 ka ci dabino. Daidai inda mutum ya hango mota ya saki jiki, nan ƙafa ta fi gurɗewa.

In wani abu ya faru

Zafi: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, jijiyar ƙafa tana ɗaurewa, fitsari ya yi ja kamar shayi. A kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, tafiya ta ƙare. In ya fara sambatu ko tangaɗi ko bai san inda yake ba, abin ya kai ga rai: a jiƙa masa jiki, a yi ta fifita, a nemi asibiti nan take. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa.

Targaɗe: a naɗe da bandeji, a sauko a hankali da sanda da kafaɗar wani. Wanda ya faɗo yana kukan wuya ko baya kuwa, kada a ɗaga shi a saɓa, a nemo mutane da abin ɗauka mai ƙwari. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma ka riƙe lambar wani a ƙauyen, su za su riga kowa isowa. Sabis ya fi kamawa a tudu fiye da cikin kwazazzabo.

Maciji: kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya neman macijin. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar sanda don ta daina motsi, a ɗauke shi zuwa babban asibiti. Daga Kufena asibitin koyarwa na Shika ba shi da nisa. Saran kububuwa yana da yaudara, mutum zai ce ya ji sauƙi alhali dafin yana hana jininsa daskarewa, sai daga baya jini ya ɓalle ta dasashi. Allurar kashe dafi ce maganinsa, kada a ɓata sa'o'i a wani wurin. In kumurci ya yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa, duk wanda ya rage a gora.

Ƙudan zuma: rufe fuska da riga, ka bar wurin da sauri ta hanyar da ka sani, ba ta bakin gangare ba. Kada ka tsaya kaɗa hannu. Wanda fuskarsa ta kumbura ko numfashi ya fara yi masa wuya, asibiti.

Hadari: a ƙasarmu galibi daga gabas yake tasowa, da iska a gabansa. Ka ga gabas ta haɗe, sauka. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji tsawar, ka raba da 3, abin da ya fito shi ne nisanta a kilomita. Ƙasa da daƙiƙa 30 tana kusa da isa gare ka. Bar ƙololuwa, kauce wa itacen da ke tsaye shi kaɗai da bakin kogo, ku warwatsu kada ku cure wuri guda. In ruwan ya riga ya sauko, jira falalen ya tsane kafin ka taka shi.

Ɓata: tsaya inda kake. Kada ka ce bari in yi ƙasa kawai ai zan fita. Koma alamar ƙarshe da ka tabbatar, duba hotunan da ka ɗauka, busa usur sau uku a jere, ka tura wa na gida inda kake ta WhatsApp tun da sauran caji.

Da kun taka ƙasa, ku ƙirga kanku. Sallami jagora da abin da kuka yi alkawari, in ya kyauta ka ƙara masa, ka karɓi lambarsa don wani zuwan. Ku koma ku yi wa mai unguwa ban kwana, ya san kun fito. Kira wanda ka bar wa saƙo a gida. Sannan cire takalmi, ka duba ƙafa da ƙwauri ko kaska ta maƙale, ka tsince ƙarangiyar safa, ka nemi mai fura. Ciwon cinya ba ranar yake zuwa ba, sai washegari, ya fi tsanani a kwana na biyu, musamman in za ka sauka daga bene ko ka durƙusa. Kwana uku zuwa huɗu yake yi ya sake ka, kuma 'yar tafiya a fili ta fi kwanciya saurin warware shi.